Fure Goma, Ƙwaya Uku: Nazarin Lamarin Wani Kwarin Alkama a Meziko

## Wurin da matsalar

A arewa maso yammacin Meziko akwai wani kwari mai faɗi, shimfiɗe tsakanin duwatsu da bakin teku. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, don haka noman wurin na ban ruwa ne, daga madatsun da aka gina a kan kogin da ya ratsa yankin. Filin da ake shayarwa ya haura hekta 200,000, kuma alkama ce babbar shukar lokacin sanyi. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, ta yi fure wajen Fabrairu, a girbe ta a Afrilu da Mayu. Rana a wadace take, dare da sanyi, ruwa kuma a hannun manomi yake muddin madatsun na da shi. Saboda haka idan gona ta kasa, galibi a jikin shukar ake neman dalili.

Tambayar da ta sha wa masu haɗa iri kai a wannan kwari shekara da shekaru ita ce yadda hekta ɗaya za ta ƙara ba da tsaba. Neman amsar ya kai su ga zangarniya, wato kan alkama mai ɗauke da ƙwayoyin, kuma sai an san ƙirarta kafin a gane sauran labarin.

Zangarniyar alkama tana da ƙashin baya a tsakiya, an jera masa ƙananan gungu hagu da dama, wajen ashirin a kai mai kyau. Tun tana ɓoye a cikin kara, kowane gungu yakan fara ƙirar furanni har goma ko sha biyu. Wanda ya tsaga karan da reza, ya ɗora 'yar zangarniyar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, zai gan su a jere kamar ƙananan duwatsun wuya masu sheƙi, na ƙasa sun fi girma, na sama kamar ɗigon raɓa. Ya dawo bayan mako uku, ranar da alkama ta yi bununi, zai tarar uku zuwa biyar ne suka rayu a gungun tsakiya, a na sama da na ƙasa ma ba su kai haka ba. Sauran sun yanƙwane tun ba su buɗe ba. Fiye da rabin abin da zangarniya ta soma ke nan yake salwanta.

Amfanin gonar alkama kuwa abu uku ake ninkawa a same shi: yawan zangarniya a murabba'in mita ɗaya, yawan ƙwaya a kowace zangarniya, da nauyin ƙwaya ɗaya. A ɗauki misali don sauƙin lissafi: zangarniya 400, kowace da ƙwaya 40, kowace ƙwaya miligiram 45. Wannan ya ba da giram 720 a murabba'in mita, wato tan 7.2 a hekta. Da za a ceto fure ɗaya tak a kowane ɗaya daga gungu goma na tsakiya, ƙwaya ta zama 50, amfanin zai tashi zuwa tan 9, idan sauran biyun suka tsaya inda suke. Wannan "idan" ɗin shi ya ci shekaru sittin na aiki.

## 1944 zuwa 1956: yaƙi da tsatsa

A farkon shekarun 1940 Meziko na sayo kusan rabin alkamar da take ci daga waje, kuma matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a ƙasar wajen kilo 750 ne. A kwarin, cutar tsatsar kara ta yi wa manoma ɓarna shekara uku a jere, daga 1939 zuwa 1941. A 1943 gwamnatin Meziko da Gidauniyar Rockefeller suka kafa shirin binciken noma na haɗin gwiwa. Norman Borlaug, wani masanin cututtukan tsirrai Ba'amurke, ya iso a 1944, kuma a 1945 ya fara shuka gwaji a wata tsohuwar tashar bincike da aka yi watsi da ita a kwarin.

Dabarar da aka ɗauka ita ce noma sau biyu a shekara, a wuri biyu. A girbe iri a kwarin, wanda wajen mita 40 kawai ya ɗara teku, a hau da shi tsaunukan tsakiyar ƙasar, irin su Toluca mai tsayin sama da mita 2,600, a shuka da damina, a girbe, a sake gangarowa da shi kafin Nuwamba. Lokacin samar da sabon iri ya ragu zuwa rabi. Daga 1948 aka fara sakin irin da ke jure tsatsa, kuma a 1956 Meziko ta ciyar da kanta da alkamarta. A wannan zango babu mai ƙirga furanni. Abin da ake nema shi ne shuka ta kai ranar girbi da ranta.

## 1953 zuwa 1966: alkama ta kwanta

Da tsatsa ta lafa, manoma suka samu ƙwarin gwiwar zuba takin zamani, ga kuma babbar madatsar da aka kammala a 1952 ta faɗaɗa filin ban ruwa. Nan sabuwar matsala ta kunno kai. Irin da ake da su dogaye ne, suna wuce mita ɗaya da santimita 20, taki kuma ƙara musu tsawo yake yi. A ba gona ruwa bayan ta fid da kai, ƙasa ta yi laushi, iska ta taso da dare, da safe a tarar da alkama a kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Zangarniyar da ta shige ƙasa ba ta ganin rana, ƙwaya ba ta cika, injin girbi kuma ya riƙa tsallake ta. Manoma suka koyi rage hannu wajen taki, amfani ya tsaya cik.

An fara lalube a cikin tarin irin alkama na duniya da Amurka ke ajiye da shi, ko za a samu gajere mai ƙarfin kara, ba a dace ba. Mafita ta zo daga Japan, ta doguwar hanya. Can ne Gonjiro Inazuka ya samar da wani iri mai suna Norin 10, aka yi masa rajista a 1935, tsayinsa wajen santimita 60. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin noma Ba'amurke, Cecil Salmon, ya aika da irin gida. Orville Vogel, wani mai haɗa iri a jihar Washington ta Amurka, ya haɗa shi da wani iri mai suna Brevor a 1949, sannan a 1953 'yan ƙwayoyi daga zuriyar wannan haɗi suka iso hannun Borlaug.

Haɗa alkama aikin hantsaki ne da haƙuri. Alkama kanta take yi wa barbara, domin kowane fure na da namiji da mace a ciki. Mai haɗi yakan zauna a kan 'yar kujera a tsakiyar gona, ya datse saman kowane fure da almakashi, ya zare 'yan jakunkunan bununi guda uku tun suna kore, ya rufe zangarniyar da ambulan na takarda. Bayan kwana biyu ko uku ya tsinko kan uban, ya kaɗa shi a cikin ambulan ɗin. Yunƙurin 1954 ya tashi a banza, tsatsa ta cinye baƙin irin kafin a samu abin kirki. Na 1955 ya kama.

'Ya'yan da aka samu gajeru ne, ba sa kwanciya, amma sun zo da lalura uku. Ta farko a zangarniya take: bununin furanni da yawa ba shi da rai, musamman a 'ya'yan gindi da suka fito a makare. Furen da bai samu bununin kansa ba yakan zauna baki buɗe yana jira, ko dai ya tashi holoƙo, ko iska ta kawo masa na maƙwabci, iri ya koma barbarar yanyawa. Ta biyu, ƙwayar tana motsewa, garinta kuma ba ya yin burodi mai kyau. Ta uku, sun gaji raunin Norin 10 a gaban tsatsa. Aka yi ta mayar da su kan iyayen Meziko, haɗi bayan haɗi, ana zubar da dubbai ana ajiye kaɗan. A 1962 aka saki Pitic 62 da Penjamo 62, a 1964 Sonora 64 da Lerma Rojo 64 suka biyo baya, a 1966 kuma Siete Cerros 66 da INIA 66. A wannan shekara ta 1966 ne shirin ya zama cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, CIMMYT.

Abin da aka je nema shi ne shukar da za ta tsaya da ƙafarta. Sai aka lura da wani abu da ba a yi odarsa ba: gungun gajerun irin sun fi na dogayen yawan ƙwaya, kuma 'ya'yan gindinsu sun fi kaiwa ga fid da kai. Ko a gwajin da aka tokare dogayen da raga don kada su faɗi, gajerun suna gaba. Irin da ya shigo da lalurar holoƙo, da aka gyara shi, shi ne ya fi kowa cika gungu.

## 1970 zuwa 1986: neman dalili

A farkon shekarun 1970 wani masanin halayyar tsirrai ɗan Ostireliya, Tony Fischer, ya yi wani gwaji mai sauƙin fahimta a kwarin da irin Yecora 70. Ya riƙa yi wa fegi-fegin alkama rumfa da yadin da ke rage hasken rana, wannan fegi a farkon rayuwar shuka, wancan a tsakiya, wani bayan fure. Inuwar farkon kaka kusan ba ta taɓa amfani ba, shukar ta farfaɗo ta cike giɓin. Inuwar da ta fi yin ɓarna ita ce wadda ta faɗo a cikin mako uku zuwa huɗu kafin fure, kuma ta hanyar rage yawan ƙwaya ta yi ɓarnar.

Waɗannan makonni su ne lokacin da kara ke miƙewa da sauri, su ne kuma lokacin da zangarniya ke girma a cikinsa. Kwano ɗaya suke ci, wato sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana. Dogon kara babban ci gare shi, yakan bar wa zangarniya ragowa, furannin saman gungu su mutu da yunwa. Gajeren kara cinsa kaɗan ne, rarar ta tafi ga zangarniya, ta kai ranar fure da nauyi, fure na uku da na huɗu su tsira. Fischer da abokin aikinsa Stockman sun tabbatar da wannan bayani a kan zuriyar Norin 10 a 1986. Sai a 1999 masana a Cibiyar John Innes ta Ingila suka gano ainihin ƙwayoyin gado biyu da ke sa wannan gajarta, Rht-B1 da Rht-D1: suna toshe wa kara kunne ne, ya rage jin umarnin jibarelin, sinadarin da ke sa shuka miƙewa. A sikeli, kason tsaba a cikin dukan nauyin shuka ya tashi daga wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa sama da kashi 40 cikin 100.

Wannan fahimta ta kuma warware wani abu da manoman kwarin suka daɗe da sani, cewa shekarar da aka yi sanyi da sararin sama garau a Janairu da Fabrairu ita ce shekarar cika rumbu. Sanyi yana tsawaita waɗancan makonni, rana tana cika kwanon.

Da aka ga gajarta ta biya, sai aka gwada ƙarawa. Aka haɗa ƙwayoyin gajartar biyu a shuka ɗaya. Ƙwaya ta ƙaru a zangarniya, amma ta ƙanƙance, jimlar nauyin shuka ya ragu, tsiron da ke huda ƙasa ya gajarce har iri ya riƙa wahalar fitowa idan an binne shi da zurfi. Gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban sun tsaya a kan cewa tsayin da ya fi ba da amfani yana tsakanin santimita 70 da 100. Alkamar kwarin ta riga ta shiga wannan tazara, saboda haka babu sauran abin tatsa ta wannan hanya.

## Shekarun 1970 zuwa 2009: ƙatuwar zangarniya

Tunda ba za a ƙara rage kara ba, wani mai haɗa iri a cibiyar ya tunkari zangarniyar kai tsaye. Ya kwashe shekaru wajen ashirin yana tattaro siffofi daga nesa: tsawon kai daga wata alkama da ake dangantawa da Polan, yawan gungu daga wani iri na tsohuwar Yugoslabiya, ƙarfin jiki daga haɗin alkama da ciyawa 'yar'uwarta. Abin da ya fito aka sa masa suna Buitre, wato ungulu da harshen Sifaniyanci. Kara kauri, ganye faɗi, zangarniya kuma wata takan kai santimita 30, alhali ta yau da kullum ba ta cika wuce 10 zuwa 12 ba. Duk wanda ya riƙe ta a hannu sai ya ce an gama.

Da aka shuka ta a fili sai lissafi ya juya. Furanni da yawa a wannan ƙaton kai ba su ɗauki ƙwaya ba, waɗanda suka ɗauka kuma da dama sun motse. Shukar ba ta yin 'ya'yan gindi sosai, tsatsa kuma tana kama ta cikin sauƙi. Ba a jefar da ita ba, an ci gaba da haɗa ta da irin da aka amince da su, aka samu zuriya mai matsakaicin girman kai da lafiyayyar ƙwaya.

Wannan zuriya ce masana daga Jami'ar Nottingham da na cibiyar suka gwada, suka wallafa sakamakon a 2009. Sun ɗauki layi biyu, wato rassa biyu na zuriyar, masu babban kai, suka jera su da Bacanora 88, wani iri mai kai na yau da kullum, a ɗakin rainon tsirrai a Ingila inda kowace shuka ke zaune ita kaɗai, da kuma a gonar kwarin inda aka shuka su da cunkoso irin na manomi. A zaman kaɗaici manyan kawunan sun fi yawan gungu da yawan ƙwaya. A gona kuwa yawan zangarniyarsu a murabba'in mita ya yi ƙasa, jimlar ƙwaya ta kasa ta Bacanora, amfaninsu bai wuce nata ba.

## 1981 zuwa 1997: aikin sikeli

Duk wannan lokaci babban shirin haɗa iri yana tafiya a kan tsohuwar hanyarsa: a haɗa nagari da nagari, a tace zuriya, a shuka a fegi, a girbe, a auna, a ajiye wanda ya fi nauyi. A 1973 Sanjaya Rajaram, mai haɗa iri a cibiyar, ya yi wani haɗi da ya shigo da jinin Kavkaz, alkamar hunturu ta Tarayyar Sobiyat. Zuriyar, wadda aka sani da Veery, ta fito a Meziko daga 1981, cikinta har da Seri 82. Daga baya Bacanora 88 ta zo, mai ƙananan ƙwayoyi amma masu yawan gaske.

A 1997 Sayre, Rajaram da Fischer suka wallafa awon iri takwas da aka saki tsakanin 1962 da 1988, an shuka su kafaɗa da kafaɗa a kwarin kaka shida, an kare su daga cuta, ciyawa da kwanciya. Pitic 62 ta ba da kilo 6,680 a hekta, Bacanora 88 ta ba da 8,475. Ƙarin ya kama kilo 67 a hekta kowace shekara, wato kashi 0.88 cikin 100. Abin da ya tafi tare da wannan ƙari shi ne yawan ƙwaya a murabba'in mita. Nauyin ƙwaya ɗaya bai taimaka ba.

Wani abin ya sake faɗowa ta bayan gida, kamar yadda Norin 10 ya yi. An shigo da wani yanki na gadon wata ciyawa cikin alkama saboda yana ɗauke da Lr19, garkuwa daga tsatsar ganye. Gwaji a kwarin ya nuna cewa a wasu iri wannan yanki na ƙara amfani da wajen kashi 10 cikin 100 ko da babu cuta, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar zangarniyar ta fi samun rabo kafin fure, ƙwaya ta fi yawa. Aibinsa shi ne yana sa gari ya yi rawaya, abin da masu niƙa alkamar burodi ba sa so, shi ya taƙaita yaɗuwarsa.

## 1992 zuwa 2015: ƙwaya ta fara nauyi

Bayan Bacanora akalar ta karkata. Baviacora 92 ta fi tsayi, ƙwayarta manya. Manoma da 'yan kasuwa suna son babbar ƙwaya, masu haɗa iri kuma suka riƙa tace ƙananan suna zubarwa. Wani awo da aka wallafa a 2015, na iri goma sha biyu da aka saki daga 1966 zuwa 2009, ya nuna ƙarin kilo 30 a hekta kowace shekara, wato kashi 0.59 cikin 100. Wannan karon ƙarin ya zo ne daga nauyin ƙwaya da jimlar nauyin shuka. Yawan ƙwaya a murabba'in mita bai motsa ba, kason tsaba bai ƙaru ba, shukar ma ta ɗan ƙara tsayi.

Akwai dalilin da ya sa yawa da nauyi ke ja-in-ja. Ɗaya shi ne rabon abinci. Ɗayan kuma na ƙira ne: ƙwayar fure na uku da na huɗu a gungu a haife take ƙarama, domin mahaifarta ƙarama ce tun kafin fure. Duk wanda ya ceto furannin sama, ƙananan ƙwayoyi ya ƙaro, matsakaicin nauyi dole ya sauka ko da manyan ba su rasa komai ba.

## 2009 zuwa 2019: komawa cikin zangarniya

A 2009 masana daga ƙasashe da dama suka kafa haɗaka don ɗaga ƙololuwar amfanin alkama, kwarin ya zama filin gwajinsu. Ma'aunin da suka ɗauko, wanda masu bincike a Ajantina suka daɗe suna jan hankali a kansa tun ƙarshen shekarun 1990, shi ne yawan ƙwayar da giram ɗaya na busasshiyar zangarniya ke haifarwa. A yanko zangarniya lokacin fure, a busar a tanda, a auna, sannan a ƙirga ƙwaya ranar girbi a raba. Akwai irin da giram ɗaya ke ba da ƙwaya ƙasa da 80, akwai mai wuce 120. Bambancin yana nuna inda abincin da ya shiga zangarniya ya tafi, ko cikin furanni, ko cikin ƙashin baya da ƙaiƙayi.

Wani nazari na layi 26 a kwarin, da aka wallafa a 2019, ya yanka kara gaɓa-gaɓa ya auna. Ya gano cewa gaɓa ta biyu da ta uku daga sama su ne manyan kishiyoyin zangarniya, domin su ke miƙewa daidai lokacin da furanni ke tsakanin rai da mutuwa. Gaɓar ƙarshe, wadda ke riƙe da kai, ba ta cika shiga wannan gasa ba. Layin da waɗannan gaɓoɓi biyu suka fi gajarta a cikinsu sun fi kai wa zangarniya rabo. Ma'ana ana iya rage wa kara ci a inda ya dace ba tare da an tsugunar da shukar gaba ɗaya ba. A gefe guda kuma aka riƙa haɗa iyaye masu tara nauyin jiki da iyaye masu cika zangarniya, ana aika zuriyar gwaji a ƙasashe.

Daga wajen kwarin ma haske ya zo a 2019. Masana daga Japan, Jamus da Isra'ila sun bayyana wata ƙwayar gado mai suna GNI1, wadda aikinta shi ne danne furannin saman gungu. Inda ta yi rauni, furanni sun fi tsira. A gwajin gona a Japan da irin Kitahonami, layin da ke da raunanniyar sun fi 'yan'uwansu amfani da kashi 10 zuwa 30 cikin 100. A wannan shekarar kuma wani nazari a kan alkamar taliya ya nuna cewa ita wannan ƙwayar gado tana da hannu a ja-in-jar nan ta yawa da nauyi.

A gonakin manoma, matsakaicin amfanin kwarin ya tashi daga wajen tan 2 a hekta a 1960 zuwa wajen tan 7 a 2019. Iri yana da kaso a ciki, taki da gyaran hanyar noma suna da nasu, kuma tun shekarun 1990 yawancin filin alkamar taliya ake shukawa.

## Hukunci

A nawa ganin, sau biyu aka samu babban ƙari ta hanyar zangarniya a wannan kwari, da Norin 10 da kuma Lr19, kuma duk biyun wani abu daban aka je nema. Sau ɗaya aka nufi zangarniya da gangan, da Buitre, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ban ɗauki wannan a matsayin sa'a da rashin sa'a ba. Norin 10 da Lr19 sun ƙara abin da ke shiga kwanon zangarniya a makonnin da furanni ke mutuwa. Buitre ta ƙara bakunan da za su ci ne, kwanon yana nan yadda yake. Zangarniyar alkama ba ta taɓa rasa furanni ba, tun asali tana yin fiye da ninkin abin da za ta iya riƙewa.

Kuskure na biyu na ido ne. Mai haɗa iri yana tafiya tsakanin layuka, hannunsa na kaiwa ga kan da ya fi girma, kuma a zuriyar farko tsirrai a warwatse ake shuka su, inda mai babban kai ke walawa. Manomi kuwa murabba'in mita yake girba, inda kowace shuka ke gogayya da maƙwabciyarta. Bacanora, da ƙananan ƙwayoyinta da kanta marar ban sha'awa, ta doke manyan kawuna domin a wancan ma'auni aka tace ta. Duk da haka ba na ganin shekarun da aka kashe a kan Buitre asara ce. Ba don ita ba, da har yanzu ana gardamar ko babban kai zai wadatar, kuma jininta yana nan a ajiye ga mai son gwada shi a jikin shuka mai yawan 'ya'yan gindi.

Game da sababbin hanyoyin, ina da fata mai yawa ga maganar gaɓa ta biyu da ta uku, domin ita ce ta fi kama da abin da ya taɓa yin aiki. Matsalarta tsada. Mai bincike zai iya yanka kara ya busar ya auna a layi 26, amma shirin haɗa iri dubban layi yake tacewa kowace kaka, kuma sai an samu alamar gado mai arha da za a duba daga guntun ganye kafin wannan ilimi ya shiga hannunsa. GNI1 tana da irin wannan alama, sai dai kafin a yi murna da ita a kwarin dole a fara duba ko irin da ake nomawa sun riga sun ɗauke ta, sannan a auna abin da za ta ci daga nauyin ƙwaya, wanda aka yi shekara ashirin ana tarawa.

Abin da ya fi damuna yana cikin awon amfanin gonakin manoman kwarin na shekaru sittin ɗin nan, 1960 zuwa 2019. Ya nuna cewa duk digiri ɗaya da zafin dare ya ƙaru tsakanin Janairu da Maris, amfanin kwarin na raguwa da wajen kashi 7 cikin 100, kuma daren kwarin ya riga ya ƙara ɗumi da wajen digiri ɗaya tun 1960. A ma'aunin ƙarin kashi 0.59 a shekara, digiri ɗaya na cinye aikin haɗa iri na sama da shekara goma, kuma yana cinye shi ne a daidai waɗancan makonni kafin fure, ta hanyar gajarta su. Da ni ke zaɓen iyayen da za a haɗa a kaka mai zuwa, zan fara da waɗanda ke jinkirtawa tsakanin miƙewar kara da bununi ba tare da sun ɗage ranar fure zuwa cikin zafin Maris ba.